Tambaya da Amsa: Yadda ake duba fayil ɗin shari'a a kotun gunduma a New York

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a unguwar Bronx da ke birnin New York. Kwanakin baya bankina ya sanar da ni cewa an riƙe kuɗin da ke asusuna saboda wani hukuncin kotu a kan bashin katin banki, alhali ban taɓa ganin sammaci ba, ban kuma san an kai ni ƙara ba. Ina zan je in ga takardun wannan shari'a, kuma za a yarda a nuna mini su ba tare da lauya ba? Mai karatu daga Bronx.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Za a nuna maka, kuma ba ka buƙatar lauya don wannan. Ƙa'idar kotunan Amurka ita ce fayil ɗin shari'ar neman haƙƙi, wato wadda ba ta aikata laifi ba, a buɗe yake ga kowa sai in doka ko alƙali sun rufe shi, balle kai da sunanka ke kan ƙarar. Sashe na 255 na dokar harkokin shari'a ta jihar New York ya ɗora wa akawun kotu nauyin bincika takardun da ke hannunsa idan an nema, ya kuma ba da kwafinsu bayan an biya kuɗin da doka ta yanka.

Abu na farko da za ka nema shi ne lambar ƙara, domin da ita ake jera fayil, ba da sunan mutum ba. Takardar da ta sa banki ya riƙe maka kuɗi tana ɗauke da sunan kotu, da sunan mai ƙara, da lauyansa, da wannan lamba, wadda yawanci takan zo haɗe da shekarar da aka shigar da ƙarar. Ka nemi bankin ya ba ka kwafinta. Bincike da suna yana yiwuwa, amma ga mutanenmu yana da wahala, saboda Muhammad ɗaya kan fito a rubuce ta hanya huɗu ko biyar, kuma sau da yawa akan musanya sunan yanka da sunan mahaifi. Wannan ruɗani shi kansa yakan sa a ɗora wa mutum bashin wani, don haka ka lura da yadda aka rubuta sunanka a kowace takarda.

Daga nan sai sanin kotun da ke da fayil ɗin. Birnin New York gundumomi biyar ne: Bronx, da Kings wato Brooklyn, da New York wato Manhattan, da Queens, da Richmond wato Staten Island, kuma kowace tana ajiye nata takardun. A cikin gunduma ɗaya ma kotunan sun rabu. Kotun Civil Court ta birni tana sauraron ƙarar kuɗin da bai wuce dala 50,000 ba (kafin shekarar 2022 iyakar dala 25,000 ce), kuma a nan ne mafi yawan ƙararrakin bashin kati suke ƙarewa. Abin da ya haura haka yana zuwa Supreme Court, wadda a jihar New York kotun matakin farko ce ba kotun ƙoli ba, kuma ofishin County Clerk, wato magatakardan gunduma, shi ke riƙe da fayilolinta. Sa'arka ita ce a Bronx duka biyun suna gini ɗaya, mai lamba 851 a titin Grand Concourse, kusa da filin wasa na Yankee, inda jiragen ƙasa na layin 4 da B da D ke tsayawa a tashar titi na 161. Shari'ar mai gida da ɗan haya kuwa tana wani ginin dabam a kan titin, mai lamba 1118.

Kafin ka bar gida za ka iya rage wa kanka zirga-zirga ta intanet. Shafin kotunan jihar yana da sashen WebCivil Local don ƙananan kotuna da WebCivil Supreme don babbar, inda za ka ga sunayen ɓangarori, da ranakun zama, da matsayin shari'ar, amma ba takardun kansu ba. Ƙararrakin da aka shigar ta NYSCEF kuwa, wato tsarin shigar da ƙara ta intanet na kotunan jihar, ana iya buɗe takardunsu a karanta kyauta, ba sai mutum ya yi rajista ba. Idan shari'arka tsohuwa ce, to da wuya ka same ta a can, kuma mai yiwuwa an kwashe fayil ɗin zuwa ma'ajiya, sai ka cike takardar neman a ɗauko shi, ka jira a sanar da kai.

Ranar da za ka je, ka yi sammako, ka riƙe katin shaida da ɗan kuɗin yin kwafi, ka kuma sa ran bin layi a ƙofa inda ake binciken kaya. A gaban tagar akawu ka miƙa lambar ƙara ka ce kana son ganin fayil. Za a ba ka ka duba a nan cikin ofis, ba a fita da shi, ba a kuma cire ko ƙara takarda a ciki. Akawu zai nuna maka fom ɗin da ya dace da inda za ka kai shi, amma doka ta hana shi ba ka shawarar abin da za ka faɗa wa alƙali, saboda haka kada ka ɗauki shirunsa a matsayin wulaƙanci. Akwai ofishin taimakon waɗanda ba su da lauya a cikin ginin, kuma kotunan jihar suna samar da tafinta kyauta ga wanda ya nema.

A cikin fayil ɗin za ka tarar da sammaci, da takardar ƙorafin mai ƙara, da hukuncin da aka yanke a bayan idonka saboda ba ka amsa ba. Amma takardar da ta fi kowace muhimmanci a gare ka ita ce ta rantsuwar mai kai sammaci, kuma ita nake so ka zauna ka karanta layi bayan layi. A cikinta wanda aka aika ya bayyana rana da lokaci da adireshin da ya je, da wanda ya miƙa wa takardar, har da kamanninsa: namiji ne ko mace, launin fata da na gashi, kimanin shekaru, tsawo da nauyi. Idan kuma ya ce bai sami kowa ba, ya liƙa a ƙofa ya aika wani kwafin ta gidan waya, dole ya lissafa ranakun da ya yi ta zuwa kafin haka. To idan adireshin gida ne da ka tashi daga cikinsa tun kafin ranar, ko an siffanta wata mata da ba a taɓa gani a gidanka ba, ko kuma a ranar kana Kumasi ko Maraɗi kuma hatimin fasfo ɗinka ya nuna haka, ka sami hujja. An sha kama masu kai sammaci a birnin suna rantsuwa a kan ƙofofin da ba su taɓa ƙwanƙwasawa ba, abin da ya sa dokar birni ta tilasta musu ɗaukar na'urar da ke adana wurin da suka je da lokacin.

Da kwafin wannan takardar rantsuwa ne za ka roƙi kotun da ta yanke hukuncin ta soke shi, ƙarƙashin sashe na 5015 na dokar tsarin shari'a ta jihar, tare da neman a dakatar da karɓar kuɗi har a saurare ka. Wanda ya sami sammaci amma wani uzuri ya hana shi zuwa yana da shekara 1 daga ranar da aka isar masa da takardar hukunci, amma wanda ba a kai wa sammaci yadda doka ta ce ba, wannan wa'adi bai hau kansa ba. Duk da haka ban ga amfanin jinkiri ba, domin hukuncin kuɗi a New York yana aiki har shekara 20, kuma ana iya yanke kashi 10 cikin 100 na albashin mutum da shi. Ka kuma duba ranar da aka shigar da ƙarar, domin tun watan Afrilun 2022 wa'adin kai ƙara a kan bashin kati ya koma shekara 3 maimakon 6. Idan daga baya aka daidaita ka biya, kada ka yarda da faɗar baki, ka tabbatar an shigar da takardar shaidar kammala biya a cikin fayil ɗin.

TAMBAYA: Malam, wani bawan Allah mazaunin New York yana neman auren 'yata, ya ce ya rabu da matar da ya aura a can ta hanyar kotu. Ni kuma ina Kano. Shin zan iya sa ɗan'uwana da ke can ya je ya duba takardun sakin? Wata uwa daga Kano.

AMSA: Hajiya, bincike kafin aure haƙƙinki ne, amma a nan dokar ta saɓa da abin da na faɗa a sama. Sashe na 235 na dokar zamantakewar iyali ta New York ya rufe fayil ɗin shari'ar aure ga kowa in ban da ma'auratan biyu da lauyoyinsu, ko wanda alƙali ya ba izini, kuma rufin ba ya ɗaguwa sai bayan shekara 100. Ɗan'uwanki ba zai ga ƙorafin da aka yi ko sharuɗɗan rabuwar ba. Abin da zai iya samu, bayan ya biya kuɗi a ofishin magatakardan gunduma, shi ne gajeriyar takardar shaida da ke nuna yadda shari'ar ta ƙare, ba tare da bayanin abin da ya gudana ba. Don haka sai ki san gundumar da aka yi shari'ar, da cikakken sunayen su biyun yadda suke a takardunsu, da shekarar.

Hanya mafi sauƙi, a ganina, ita ce waliyyin yarinyar ya nemi shi manemin ya kawo kwafin hukuncin mai ɗauke da hatimin magatakarda. Yana da ikon karɓarsa da katin shaidarsa, kuma mai gaskiya ba zai ji nauyin wannan buƙata ba. Hoton takarda a waya ba ya wadatarwa, a nemi ganin lambar ƙara da sa hannun alƙali da ranar da aka shigar da hukuncin, sannan ɗan'uwanki ya gwada su da abin da ofishin ya ba shi.

Ki kuma lura cewa Supreme Court ce kaɗai ke raba aure a jihar. Sakin da aka yi a gaban limami, ko aka rubuta a takarda aka ba mace, ba ya shiga kundin kotu, kuma idan an yi rajistar auren farko a hukumance, to a idon dokar Amurka yana nan daram. Matuƙar haka ne, ba zai iya nema wa 'yarki takardar shiga ƙasar a matsayin matarsa ba, ko da an ɗaura aure a Kano da shaidu da sadaki. Idan kuma ya ce a wata jiha aka yi shari'ar, kamar Texas ko Ohio, sai a tuntuɓi akawun kotun gundumar can, domin kowace jiha tana da nata ƙa'idar a kan wanda ake nuna wa fayil ɗin saki.