Mota Ta Kaɗe Yayana, Ana So Mu Sa Hannu Cewa Mun Yafe

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wata biyu da suka wuce motar raba kaya ta wani kamfani ta kaɗe yayana a kan babur ɗinsa a Titin Katsina, daidai Kurna, ya karye a cinya, har aka yi masa aiki aka saka masa ƙarfe. Tela ne, da ƙafar yake taka keke, kuma yana da iyali. Manajan kamfanin ya zo dubiya tare da wasu dattawa, ya kawo naira dubu 200, ya ce mu sa hannu a takarda cewa magana ta ƙare. Abin da muka kashe ya ninka wannan kuɗi. Baffanmu ya ce tsautsayi ne, neman diyya kuma abin kunya ne. Shin yayana yana da haƙƙi, kuma ta ina za mu fara? Daga wani mai karatu, Rijiyar Lemo, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ce. Kafin komai, kada kowa ya sa hannu a wannan takarda yanzu. Wanda aka saka wa ƙarfe a cinya wata biyu da suka wuce bai san yadda ƙafarsa za ta kasance ba tukuna, domin likita kansa ba zai iya cewa ga iyakar illar ba sai ƙashin ya haɗe, an ga ko zai taka daidai ko zai riƙa ɗingishi, kuma sau da yawa akan sake wani aikin domin cire ƙarfen, wanda shi ma kuɗi ne. Takardar sulhu da baligi mai hankali ya sa wa hannu da yardarsa tana ɗaure shi a gaban kotu, kuma warware ta daga baya abu ne mai wuya ƙwarai. Idan kuna buƙatar kuɗin saboda magani, babu laifi ku karɓa, amma a rubuta a fili cewa wani kaso ne na kuɗin jinya, sauran magana sai bayan ya warke, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

Wannan jira ba dabarar lauyoyi ba ce kawai. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an faɗa cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Game da maganar baffanku, Allah Ya ƙara masa girma, gaskiya ne haɗari tsautsayi ne, amma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta wajabta diyya, ta kuma bar yafiya a hannun masu haƙƙi. A mazhabar Malikiyya cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinare, rasa ƙafa ɗaya rabin diyya ne, karayar da ta warke ta bar aibi kuwa alƙali ne ke ƙiyasta abin da za a biya. Yafiya aikin lada ce, amma mai rauni ne kaɗai ke da ikon yin ta, ba ƙaninsa ko baffansa ba, kuma a ganina yafiyar da aka karɓa daga mutumin da ke kwance yana jin nauyin dattawan da suka zagaye gadonsa ba ta cika sunanta ba.

Ta fuskar dokar ƙasa, abin da ake buƙatar tabbatarwa shi ne direban ya yi sakaci ko ganganci, kuma wannan sakacin ne ya jawo raunin. Tunda direban yana kan aikin kamfani lokacin da abin ya faru, alhakin yana hawa kan kamfanin tare da shi, abin da ke da muhimmanci sosai, domin direba mai albashi ba shi da abin biya, kamfani kuwa yana da shi. Sai dai ku sani cewa idan aka gano yayanka ma yana da nasa laifin, misali ya bi hannun da ba nasa ba ko ya yanko titi ba tare da dubawa ba, kotu za ta rage diyyar gwargwadon laifinsa, ba wai ta hana shi gaba ɗaya ba.

A nan ne yawancin mutanenmu ke faɗuwa, wato wajen hujja. Ku je ofishin 'yan sandan da aka kai maganar, sashen kula da haɗurran mota, ku nemi rahoton haɗarin da zanen da aka yi na wurin, wanda ke nuna inda motar ta tsaya, inda babur ya faɗi da tsawon sawun burki a kan kwalta. Idan jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ko na KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano, ne suka fara isa wurin, su ma suna iya zama shaida. Ku nemi masu shaguna da masu faci na bakin titin da suka ga abin da idonsu, ku karɓi lambobin wayarsu tun yanzu, saboda mai shayin da ya tuna komai yau zai iya barin wurin kafin shekara ta zagayo. Sannan ku nemi rahoton likita a rubuce daga asibitin da aka yi aikin, mai ɗauke da irin karayar, aikin da aka yi da abin da ake hasashen zai biyo baya, ku kuma adana hotunan ƙashi.

Rasit kuwa kada ku raina ko na naira 500. Kotu tana raba diyya gida biyu. Akwai asarar da ake iya ƙirgawa, kamar kuɗin aiki, magani, jini, hoto, motar zuwa asibiti, gyaran babur da cinikin da ya rasa, kuma wannan dole a lissafa ta dalla-dalla a kawo shaidar kowace, abin da babu shaidarsa alƙali ba zai bayar ba ko da ya tausaya. Akwai kuma diyyar raɗaɗi, wahala da nakasa, wadda alƙali ke ƙiyastawa da kansa bisa rahoton likita. Ga tela, littafin da yake rubuta awo da kuɗin ɗinki, da saƙonnin shigar kuɗi na banki a wayarsa, su ne za su nuna abin da yake samu a wata. Na sha ganin iyalin da suka kashe maƙudan kuɗi amma rasit ɗin suna warwatse, wasu a ƙarƙashin katifa, wasu an ƙunshe ƙosai da su. A sami jaka ɗaya a zuba komai, a kuma ɗauki hoton kowane da waya, domin tawadar rasit ɗin kantin magani tana gogewa cikin 'yan watanni. Wannan ne ma ya sa, ba tare da raina masu ɗori na gargajiya ba, wanda ya bar asibiti ya koma wurinsu yakan sha wuya a kotu: babu rahoto, babu rasit, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai ce a can ƙafar ta lalace.

Sai batun inshora, wanda mutane da yawa suka ɗauka takarda ce kawai ta nuna wa jami'an hanya. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda motar ta yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiya ta irin wannan motar gida zuwa naira miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce, kamar babur ɗin yayanka, rauni da rasa rai lissafinsu daban ne. Ku nemi kwafin takardar inshorar motar, ku duba ingancinta da lambar motar ta hanyar danna *565*11# a waya, saboda takardun bogi sun yi yawa. Idan ta gaskiya ce, a rubuta wa kamfanin inshorar ko na takaful, wato inshorar Musulunci, takardar neman biya tare da kwafin hujjojin, idan kuma suka yi ta jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. Idan ta bogi ce, haƙƙin yayanka bai faɗi ba, mai motar ne zai biya daga aljihunsa.

Ba dole ba ne a fara da shari'a. Wasiƙar lauya mai ɗauke da cikakken lissafi takan sa kamfani ya sauya murya, kuma akwai zauren sasanci na Babbar Kotun Jihar Kano, inda ake zama a daidaita cikin lokaci kaɗan, a mayar da yarjejeniyar hukuncin da za a iya tilasta aiwatarwa. Idan hakan ya gagara sai a shigar da ƙara, lauya kuma shi zai duba kotun da ta dace da irin wanda ake ƙara da yawan kuɗin da ake nema. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke Kano, domin dokarta ta 2011 ta haɗa da neman diyyar haɗari ga marasa ƙarfi. Ku kuma lura cewa gurfanar da direba kan tuƙin ganganci shari'a ce tsakaninsa da hukuma, tarar da aka ci shi ba aljihunku za ta shiga ba, ko da yake kotun tana da ikon umartarsa ya biya diyya idan an roƙe ta. Jiran warkewa kafin sa hannu kuma ba ya nufin jiran warkewa kafin ganin lauya, domin doka ta sa wa'adin shigar da ƙara, kuma da a ce motar ta gwamnati ce, wa'adin da Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta bayar wata uku ne kacal.

TAMBAYA: Malam, ni kuma mota ce ta buge mahaifiyata da daddare a Titin Zariya, wajen Na'ibawa, direban ya gudu, ba wanda ya ɗauki lamba. Akwai abin yi? Daga wata mai karatu, Unguwa Uku.

AMSA: Malama, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Wannan ya fi wancan wuya, tunda babu wanda za a kama da suna. Duk da haka ku kai rahoto ga 'yan sanda idan ba ku kai ba, ku kuma zagaya gidajen mai da manyan shagunan da ke kusa da wurin ku roƙi a duba kyamarorinsu da gaggawa, saboda na'urorin sukan goge tsohon hoto da kansu. Dokar inshora ta 2025 ta tanadi asusun tallafa wa waɗanda motar da ba a gano ba ko marar inshora ta ji wa rauni, don haka ku rubuta wa NAICOM kuna neman bayanin yadda ake nema, ku haɗa da rahoton 'yan sanda, rahoton likita da rasit ɗin jinyar Hajiya.