Filin Tambaya da Amsa: Da Gaske Salieri Ne Ya Kashe Mozart?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Kwanan baya muka kalli fim ɗin Amadeus na 1984, inda aka nuna wani makaɗi mai suna Salieri yana cewa shi ya yi ajalin shahararren makaɗin nan Mozart saboda hassada. Shin da gaske ne, kuma wane ne mutumin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Babu wata shaida da ta tabbatar da wannan zargi, masana tarihin kiɗa kuma sun daɗe da yin watsi da shi. Jita-jita ce da ta bazu bayan Mozart ya rasu a 1791, marubucin nan na Rasha, Pushkin, ya mai da ita wasan kwaikwayo a 1830, daga baya fim ya kai ta ko'ina. Salieri da bakinsa ya musanta maganar a gaban tsohon almajirinsa Moscheles a 1823, lokacin da yake kwance a asibiti.

An haifi Antonio Salieri a garin Legnago na Italiya a 1750. Yana yaro iyayensa suka rasu, sai makaɗi Florian Gassmann ya tafi da shi Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1766, ya riƙe shi, ya koya masa sana'a. A 1788 aka naɗa Salieri shugaban makaɗan fadar Ostiriya, muƙamin da za a iya kwatanta shi da na sarkin makaɗa a fadar Zazzau, sai dai shi a rubuce yake tsara kiɗansa, ya kuma riƙe kujerar har 1824. Ya fi shahara da ofera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa maimakon faɗa. Da oferarsa Europa riconosciuta aka buɗe babban ɗakin wasa na La Scala a Milan a 1778, sannan Tarare ta samu karɓuwa a Faris a 1787.

Gasa tsakaninsa da Mozart kam akwai ta, kamar yadda ba a rasa ta tsakanin masu neman tagomashi a fada ɗaya. Amma Mozart da kansa ya rubuta wa matarsa a watan Oktoba na 1791 cewa Salieri ya halarci sabuwar oferarsa yana ta yabawa, bayan rasuwar Mozart kuma ɗansa Franz Xaver ya yi karatu a hannun Salieri.

A ganina, inda fim ɗin ya fi tauye masa haƙƙi shi ne koyarwa. Manyan makaɗa sun yi karatu a hannun Salieri: Beethoven ya koyi tsara waƙa a kan baitocin Italiyanci a wurinsa, Schubert ya yi shekaru yana ɗaukar darasi a gabansa, Liszt ma ya zauna da shi yana ɗan yaro. Yawancinsu bai karɓi ko sisi daga gare su ba, domin bai manta da alherin da Gassmann ya yi masa sa'ad da yake maraya ba. Salieri ya rasu a Biyana ranar 7 ga Mayu, 1825.