Amsa: Rajistar inshora ko a jira ranar haihuwa?

Malam, ka ce maiɗakinka na da juna biyu, kuna ƙauye a Jigawa, kana tambaya ko rajistar inshorar lafiya ta gwamnati ta fi biya daga aljihu. Ni dai shawarata, ka yi.

Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma ta nan ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista kyauta. A Jigawa hukumar inshorar lafiya ta jihar, wato JICHMA, ce ke riƙe da harkar. A 2024 ma Ministan Lafiya Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata mabuƙata, amma a zaɓaɓɓun asibitoci.

Sai dai katin inshora ba ya tuƙa mota. Naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, damina ta cinye hanya, asibitin sha-ka-tafi a kulle, to fa? Can kuma a ce magani ya ƙare, a miƙo maka takarda ka nufi kemis. Masu cewa "ai kyauta ne" ba su taɓa neman jini da tsakar dare ba.

Ka sa maiɗakinka ta fara zuwa awo tun yanzu. Ka ajiye kuɗin mai, ka riƙe lambar direba, ka tanadi 'yan'uwa biyu da za su ba da jini.