Amsa: Waɗanne marasa lafiya ne suka cancanci gwajin cutar siliyak?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya ko duk mai fama da gudawa da kumburin ciki ne za a tura gwajin cutar siliyak, ko kuwa akwai waɗanda suka fi cancanta, ganin cewa gwajin yana da tsada kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Zan amsa miki da abin da na gani a shekarun da na yi ina duba yara da manya a nan Zariya, haɗe da abin da ƙa'idojin likitanci suka tanada.

Cutar tana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta far wa ƙaramin hanji a duk lokacin da mutum ya ci gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai mai suna rayi. Bangon hanjin yana da ƙananan tsiro masu kama da gashin tawul, waɗanda su ne ke tsotse amfanin abinci, kuma cutar tana shafe su har mutum ya riƙa ci ba tare da jikinsa ya amfana ba. A duniya ana ƙiyasta tana kama kusan mutum 1 cikin 100. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu abokan aikinmu ke kiran ta cutar Turawa su wuce. Binciken da aka buga a 1999 a kan yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya sami cutar a jikin kashi 5.6 cikin 100 nasu, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa, kuma waɗannan 'yan Afirka ne da fulawar alkama ta zama babban abincinsu. Mu ma cimarmu ta sauya. Yaron da kakansa ya tashi da tuwon dawa da fura, yau da burodi yake karyawa, ya ci taliya ko Indomie da rana, ga gurasa da fanke da cincin da alkaki a tsakani.

Duk da haka ba na goyon bayan a tura kowane mai gudawa. A wurinmu tsutsar ciki da gurɓataccen ruwa da tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki sun fi siliyak yawa nesa ba kusa ba, kuma su ne ya kamata a fara kawarwa.

Rukunin da ba na jinkiri a kansa shi ne masu ciwon suga nau'i na ɗaya, waɗanda ke rayuwa da allurar insulin, galibi tun suna yara. Cututtukan biyu suna da tushe guda a ƙwayoyin gado, shi ya sa siliyak ta fi yawa a cikinsu ninki da dama a kan sauran jama'a, kuma ƙa'idar 2015 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Ingila, ta ce a yi musu gwajin tun ranar da aka gano ciwon sugan, ko da ba su da wani ƙorafi na ciki. Na taɓa kula da wata yarinya da suganta ke yawan faɗuwa jim kaɗan bayan allura, alhali mahaifiyarta tana kiyaye lokacin abinci yadda aka koya mata, har an fara zargin uwar da sakaci. Da aka yi gwajin sai aka tarar hanjin ne ba ya tsotse abincin a kan lokaci, insulin kuwa yana aikinsa. Irin waɗannan yara ba a sallamar su da gwaji ɗaya, domin sakamako mai kyau a bana ba ya hana cutar bayyana bayan wasu shekaru.

Na biyu a wurina su ne masu ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe wanda ya ƙi jin magani, kuma a nan ne nake ganin mun fi yin asara. Mace za ta yi watanni tana shan maganin ƙarin jini, an ba ta maganin tsutsa, an duba zazzaɓin cizon sauro da sikila, al'adarta ba ta wuce kima ba, ba ta da gyambon ciki mai zubar da jini, amma jinin ya ƙi hawa. Farkon ƙaramin hanji ne ke tsotse ƙarfe, kuma nan ne cutar ta fi yi wa ɓarna, saboda haka mutum yana iya zuwa da ƙarancin jini kawai ba tare da ya taɓa yin gudawa ba. Haka hukuncin yake ga wanda ya rasa folik asid ko bitamin B12 ba tare da an gano dalili ba.

Sai yaron da girmansa ya tsaya, ko budurwar da balagarta ta yi jinkiri, a gidan da abinci bai yanke ba. Tamowa ta yi yawa a yankinmu har ta sa muna ɗora mata duk wata rama, amma idan 'yan'uwan yaron suna cin tukunya ɗaya da shi suna girma, shi kuwa ciki ya kumbura, ɗuwawu ya zube, bayan gidansa mai maiƙo da wari, musamman in abin ya faro bayan an soma ba shi abincin fulawa, to a yi gwajin.

Da zarar an tabbatar da cutar a jikin mutum ɗaya, iyayensa da 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya da shi duk sun cancanci gwaji, domin kusan 1 cikin 10 nasu yana ɗauke da ita, sau da yawa ba tare da alama ba. Shawo kan magidanci ya biya kuɗin gwajin yaran da yake gani garau ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ni nakan fara da wanda ya fi gajarta ko ya fi yawan kasala a cikinsu.

Akwai sauran da ƙa'idojin suka ambata: masu ciwon tayirod wanda garkuwar jiki ke haddasawa, ba maƙoƙon rashin aidin ba, da waɗanda aka haifa da lalurar ƙwayoyin halitta ta Down ko ta Turner, da mai yawan ɓari ko rashin haihuwa da aka rasa dalilinsa, da wanda ƙashinsa ya yi rauni tun yana matashi, da mai gyambon baki da ke yawan dawowa, da wanda gwajin hantarsa ya ƙi daidaita bayan an kawar da ciwon hanta nau'in B da C. Baligin da aka daɗe ana ce masa hanjinsa ne kawai mai saurin motsi shi ma a gwada shi kafin a bar shi a kan wannan bayani.

Ina roƙon ki kiyaye abu biyu wajen tura gwajin. Kada ki ce wa mara lafiya ya daina cin alkama don a gani ko zai ji sauƙi, domin idan ya daina, abin da ake nema a jinin yana raguwa, sakamakon ya fito kamar lafiya lau. Ana so ya kasance yana cin abincin alkama fiye da sau ɗaya a rana na aƙalla makonni 6 kafin a ɗebi jini. Sannan ki rubuta tTG-IgA, wato gwajin jinin da ke neman alamar cutar, tare da jimillar IgA, nau'in sinadarin garkuwar jiki da gwajin ya dogara a kansa, a takarda ɗaya, saboda wasu masu cutar ba su da isasshen IgA a jikinsu, kuma a wurinsu gwajin farko yana ɓoye gaskiya.

Idan sakamakon ya nuna cutar, ki tura shi wurin likitan ciki ko na yara a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya ci gaba da cin abincinsa har a zura na'urar hangen ciki a yanko ɗan nama daga hanjin. Ana haɗa sakamakon jini da na naman ne kafin a yanke hukunci, domin a ƙasashe masu zafi irin tamu yawan kamuwa da ƙwayoyin cuta shi ma yana shafe bangon hanji, kuma bai dace a raba mutum da alkama har ƙarshen rayuwarsa a kan zato ba. Bayan an tabbatar ne za a zauna da mai dafa abincin gidan a tsara masa gero da dawa da masara da shinkafa da acca da doya, a kuma ja hankalinta game da injin niƙan da ake zuba alkama a ciki da ɗanwaken da ake haɗawa da fulawa.