Tambaya da Amsa: Maula ce in na nemi takarda wajen wanda ya rubuta ta?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina mastas a fannin noma nan Samaru, bincikena kan ciyawar wuta-wuta ne a gonar dawa. Akwai wata takardar bincike da nake nema ruwa a jallo amma mujallar tace sai na biya dala 30 da wani abu, ni da ko fotokwafi sai nayi lissafi. Malamina yace kawai in rubuta wa farfesan da ya rubuta ta a Jamus ya turo min. Wallahi kunya nake ji, wannan ba maula bace?
Ɗalibi daga Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Maula kuma? Haba. Kuɗin nan da ka gani ko sisi baya shiga aljihun farfesan, na kamfanin da ya buga mujallar ne, shi abinda yake so a karanta aikinsa a ambaci sunansa, to kaga kai ma taimakonsa zakayi.

Kuma abin nan ba yau aka fara ba. Kafin intanet in aka buga wa mutum takarda mujalla takan bashi tarin kwafi don rabo, masana sai su aiko ɗan kati ta gidan waya, layi biyu, ya sa a ambulan ya lika kan sarki. Tambayi dattijan IAR, cibiyar binciken noma ta nan Samaru, zasu baka labari, wasu har yanzu katunan suna cikin durowa sun yi ja. Dakunan karatu ma haka suke yi, ka aika mujallarka su aiko tasu, ba dala ba fam, har UNESCO tayi yarjejeniya akan wannan musayar a 1958. Lokacin da SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, ta zo a 1986 naira ta faɗi odar mujallu ta gagara, sai da aka san darajar irin wannan zumuncin.

Kai bari ma na kaika baya. Da Baturen nan ɗan yawon bincike Clapperton ya koma Sakkwato a 1826, ta nan Zariya ya bi, cikin tsarabar da ya kaiwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello harda littafin lissafi na Iƙlidis, masanin Girka na dā, da Larabci, Bello yace ai suna da shi a gidan, daga Makka aka kawo, gobara ce ta cinye. Sarki guda bai ji kunyar karɓar littafi ba sai kai?

Amma kafin ka rubuta leƙa laburaren Kashim Ibrahim na ABU ka tambayi ma'aikata batun AGORA, tsarin intanet da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kawo a 2003 don mujallun noma, wataƙila takardar tana can. In babu sai imel, gajere don Allah, banda dogon gaisuwa irin tamu ta ina gajiya ina iyali. Sunanka, jami'arka, sunan takardar da shekara, me kake bincike, shikenan. In sati biyu shiru sake turawa ko ka nemi wani cikin marubutan.

In ka gama naka ka tura masa kwafi, harda hoton gonar. Mutumin da ke Jamus wuta-wuta sai dai a tukunya cikin ɗakin gwaji, kai kuwa tana nan bayan ƙauyen Bomo ta cinye rabin gona.