Ƙungiyar Ubuntu a Garinku, da Sauran Tambayoyi

Tambaya: Malam, mu ɗalibai bakwai ne a Zariya, muna son kafa ƙungiyar masu amfani da Ubuntu, manhajar nan mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Mun zaɓi ciyaman da sakatare da ma'aji, mun yi tambari. Wa zai ba mu tallafi?

Amsa: Ƙanina, shi ma'ajin me yake ajiyewa? Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya. Sau nawa na ga an ɗinka riguna, an ɗauki hoto, bayan wata biyu zauren WhatsApp ya koma wurin tura gaisuwar Juma'a!

Ubuntu kyauta ce tun fitowarta a Oktoban 2004, kuma ƙungiyoyinta na gari-gari, waɗanda ake kira LoCo, 'yan sa-kai ne suka gina su da guminsu. To ku fara da aiki. Ku tsayar da rana guda, misali Asabar ɗin farkon wata, a wurin da ke da wuta, kada ku riƙa canzawa. Mutum ɗaya ya sauke Ubuntu 24.04, wato ta Afrilun 2024 mai samun gyara na shekara 5. Ta kusa gigabait 6, don haka sauran su kwafa, ba sai kowa ya ƙona datarsa ba. Ni Ventoy nake sa wa filasha, wato manhajar da ke ba ka damar tayar da kwamfuta daga filasha, in haɗa da Lubuntu, nau'in Ubuntu mara nauyi, saboda tsofaffin kwamfutocin da ke nishi.

Amma don girman Allah, kada ku taɓa kwamfutar kowa don sa mata Ubuntu sai an kwashe fayilolinsa a gabansa. Na taɓa ganin wata ɗaliba zaune a bakin baranda tana kuka, wani mai rawar kai ya goge mata aikin kammala digiri ana saura mako guda ta miƙa. Duk wanda ya ga wannan ba zai sake kusantar taronku ba.

In kun yi zama uku a jere, ku tunkari shugaban sashenku da jerin abin da kuka yi, ku nemi aron ɗaki.

Tambaya: Ban iya rubuta manhaja ba. Zan iya shiga irin wannan ƙungiya?

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. Buɗe asusu a Launchpad, shafin intanet da ake fassara Ubuntu a kansa, ki kama fassara zuwa Hausa, hannun da ke wurin bai isa ba.

Tambaya: Takardun Word za su buɗe a Ubuntu?

Amsa: LibreOffice, manhajar rubutu ta kyauta, zai buɗe su. In za ka kai a buga, mayar da su PDF tukuna.