Amsar Injiniya kan allon da ke sa yatsa ya ji kaushi

(An rubuto daga saƙon murya da ya tura a zauren masu gyaran waya, saboda waɗanda ba su samu sun saurara ba)

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Ƙanena da ya turo bidiyon nan jiya, na wani Bature yana shafa allon tablet yana cewa wai yana jin kaushin yashi da laushin yadi alhali gilashi ne sumul, ya tambaya gaskiya ne ko haɗi ne, in kuma gaskiya ne wutar ba ta jan mutum? To ga ni. Ku yi haƙuri, maganar za ta ɗan yi tsawo.

Gaskiya ne, ba haɗi ba ne. Amma kada ku haɗa shi da baibireshin da muka sani. Duk wanda ya taɓa buɗe ƙaramar Nokia ya san ɗan motan nan mai guntun ƙarfe a gefe ɗaya, in ya juya sai wayar gaba ɗaya ta kama rawa. Ko na Apple da suke kira Taptic Engine, wanda ya sa maɓallin iPhone 7 na 2016 ba ya lotsawa amma kana jin kamar ya lotsa, shi ma nauyi ne ake kaɗawa a ciki. Duk waɗannan akwai abin da ke motsi. Shi wannan na bidiyon babu abin da ke motsi ko kaɗan, sai yatsanka.

Ga yadda yake. A saman gilashin ana shimfiɗa wani abu mai ɗaukar wuta wanda ido ke gani ta cikinsa, a kansa kuma a sa rufi siriri ƙwarai wanda wuta ba ta ratsawa. To shi kuma yatsanka, fatar waje busasshiya ce, ba ta ɗaukar wuta sosai, amma naman ciki mai ruwa yana ɗauka. Ku da kuke taɓa bod, wato allon kayan wutar cikin waya, kullum kun riga kun gane inda na dosa: mai ɗaukar wuta nan, mai ɗaukar wuta can, abin da ba ya ɗauka a tsakani. Kafasita ke nan. Kai da allon kun zama kafasita ɗaya. Da an ɗora boltej a shimfiɗar nan, sai ta riƙa jawo fatar yatsa zuwa gilashin, irin jan da matajin roba ke yi wa guntun takarda in ka goga shi a gashi.

Jan nan ƙarami ne, in ka ɗora yatsa ka tsaya cak ba za ka ji komai ba. Sai ka fara ja. A lokacin ne santsi ke raguwa, yatsa ya ɗan cije. To in aka riƙa kunna wutar ana kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, sai yatsa ya cije ya saki, ya cije ya saki, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara shi da cewa wurin yana da kaushi. Tunda allon ya san inda yatsanka yake, in ka iso kan hoton yashi ya ba ka wani salon, in ka iso kan hoton katako ya canza. Fatar mutum ta fi saurin jin kaɗawa a wajen sau 250 a daƙiƙa, shi ya sa masu wannan aiki suke yawan wasa a kusa da nan.

Yawwa. Kuma da yawanku kun taɓa jin abin nan ba ku sani ba. Ka samu laftof mai jikin ƙarfe, ka jona ta a caji da cajar da ba ta da ƙafa ta uku, ko a soket ɗin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, wanda dai kun san yawancin shagunanmu haka suke. Ka tsaya ba takalmi, hannunka a bushe, ka ja bayan yatsa a hankali kusa da kibod. Za ka ji wani ɗan gurr-gurr, kamar ƙarfen ya yi gashi. Ka tsayar da yatsa, ya ɓace. Ka cire caja, ƙarfen ya koma sumul. Shi ne wannan, ba wani ba. Ɗan abin da ke zurarowa ne daga cajar, yana kaiwa da komowa da wutarmu mai zagaye 50 a daƙiƙa, rufin da ke jikin alminiyom ɗin kuma ya tsaya a tsakani. Da hunturu ya fi fitowa saboda fata ta bushe.

A kan irin wannan ma aka gano shi. Wani Edward Mallinckrodt da abokan aikinsa a Amurka suka rubuta shi a mujallar Science a 1953, bayan an lura cewa mariƙin ƙwan fitila na ƙarfe yana daina santsi a hannu in fitilar tana kunne. Ku duba fa, 1953. Sai a 2010 masu bincike na kamfanin Disney suka ɗora shi a allon taɓawa suka kira shi TeslaTouch. Wani kamfanin Finlan mai suna Senseg shi ma ya yi nasa, har a 2012 aka cika intanet da jita-jitar cewa sabon iPad zai zo da shi. iPad ya fito, babu. Daga baya Tanvas na Shikago, wanda malaman jami'ar Northwestern suka kafa, suka nuna nasu a bajekolin kayan lantarki na CES na 2017, da misalin shafa yadi kafin ka saya a intanet. Ina kyautata zaton bidiyon ƙanena daga irin wannan bajekoli ne.

To me ya hana shi shiga aljihunmu duk tsawon shekarun nan? Ni a ganina babban abin shi ne, mu danna waya muke yi, shi kuma ba ya aiki sai da shafa. In kana rubuta saƙo, yatsa sauka yake ya tashi, ba ya tafiya a kan gilashi, don haka ba abin da zai ba ka. Ɗan motan baibireshi mai araha ya fi shi amfani a nan. Sannan gumi. Da yatsa ya jiƙe, abin sai ya dushe. Ka tuna Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ka gaya min yatsan wa ke bushe.

Sai wanda ya fi shafarmu mu masu gyara. A wayoyin yanzu, layukan da ke gane taɓawa suna ƙarƙashin gilashi, a ɓoye, lafiya lau. Shi kuwa wannan, ƙarfin jan yana faɗuwa da sauri in tazara ta ƙaru, don haka dole shimfiɗar ta zauna a sama, rufinta kuma siriri, a na Disney ɗin wajen kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Wayar da ke kwana da makulli da tsaba a aljihu, yaya za ta ƙare? Kuma wa ke sayen waya a nan bai liƙa mata gilashin kariya ba tun kafin ya bar shago? Da ka liƙa, ka kashe shi. Ga kuma boltej, ana maganar bolt 100 zuwa sama, alhali batirin waya bai kai bolt 5 ba, sai an ƙara wani sashe a bod da zai ɗaga shi.

Inda ya burge ni da gaske shi ne a safar hannu. A 2018 jami'o'in EPFL da ETH Zurik na Siwizalan suka nuna wata safa mai suna DextrES, ta masu sa gilashin nan na fuska da ke nuna duniyar kwamfuta. A bayan kowane yatsa akwai siraran fallayen ƙarfe da ke zamewa a kan juna, da rufi a tsakani. Kana lanƙwasa yatsa yadda kake so. Da hannunka ya kai kan kofin da ke cikin hoton, sai a sa bolt 200, fallayen su manne, yatsa ya ƙi gaba. Birki ke nan, ba motan da ke juyawa, ba giya. Nauyinta bai kai giram 8 a kowane yatsa ba, kauri milimita 2, amma tana riƙe ƙarfin da ya kai kusan nauyin kilo 4, wutar da take ci kuma 'yar mitsitsiya ce. A nan gumi bai dame su ba, tunda ƙarfe ne da ƙarfe, ba fata ba.

Af, wata Malama ta tambaya a ƙarƙashin bidiyon ko makafi za su iya karatun ɗigo-ɗigo da shi. Malama, Allah ya ƙara lafiya, da wuya. Shi rubutun makafi tudu ne na gaske, ɗigo har shida a ƙarƙashin yatsa lokaci guda, kowanne a wurinsa. A nan kuwa kan yatsan gaba ɗaya abu ɗaya yake ji. Bin layi, gefen taswira, siffar zane, wannan an gwada kuma yana yiwuwa.

Batun jan wuta kuma, ƙanena, a na'urar da aka ƙera don haka akwai rufi, kuma an taƙaita wutar da za ta iya wucewa, na Disney a rabin miliyamfa suka tsayar, wato wuta 'yar kaɗan ƙwarai. Ba boltej kaɗai ke illa ba, yawan wutar da ta ratsa jiki ne. Amma na laftof ɗin da na ce ku gwada, ku ji da kyau. In gurr-gurr ne kawai lokacin shafa, ku nemi caja mai ƙafa uku da soket mai wayar ƙasa, zai tafi. In kuwa cizo yake, ko yana tsiro ka ko da yatsa a tsaye, wannan ba shi ba ne, cajar ce ta lalace ko jabu ce. A cire ta a jefar, kada a ba kwastoma, kuma kada wanda ya ce zai gwada da jiƙaƙƙen hannu. Admin, a taimaka a rubuta wannan ɗin a manna a sama. Sai da safe.